Jean-Pierre Elkabbach, ɗan Oran da ya yi shekara sittin yana tambayar masu mulkin Faransa

Jean-Pierre Elkabbach ɗan jaridar siyasa ne na ƙasar Faransa, haifaffen birnin Oran a Aljeriya. An haife shi ranar 29 ga Satumba 1937, ya mutu a Paris ranar 3 ga Oktoba 2023 yana da shekara 86. Ya shafe sama da shekara sittin a gidajen rediyo da tele, kuma daga Valéry Giscard d'Estaing zuwa Emmanuel Macron babu shugaban Faransa da bai taɓa zama gabansa ya amsa tambaya ba, ko yana kan kujera ko yana hanyar zuwa gare ta. Ya riƙe sashen labarai na tashar Antenne 2 daga 1977 zuwa 1981, ya shugabanci gidajen tele na gwamnati France 2 da France 3 daga 1993 zuwa 1996, tashar majalisar dattawa Public Sénat daga 1999 zuwa 2009, da rediyon Europe 1 daga 2005 zuwa 2008.

Abu biyu Faransawa suka fi tunawa idan aka ambaci sunansa. Na farko tambayarsa, gajeruwa mai kaifi, wadda ba ta jiran baƙo ya gama magana. Na biyu kusancinsa da masu mulki, ko daga wane ɓangare suka fito. Masu ƙaunarsa kan tsaya ga na farko, masu sukarsa su tsaya ga na biyu. Wanda ya bi tarihinsa a tsanake zai ga tare abubuwan suke tafiya tun farko. Shigar da yake da ita fada ce ta ba shi damar yin tambayoyin da sauran ƴan jarida ba su samu ba, ita ce kuma ta sa aka haɗiye wasu tambayoyin a gidajen da ya shugabanta.

Yaron Oran

Iyayensa Yahudawan Aljeriya ne, mahaifinsa Charles ɗan kasuwa. Matsayin waɗannan Yahudawa a ƙarƙashin mulkin mallaka yana buƙatar ɗan bayani, don maganar za ta sake tasowa a rayuwar Elkabbach bayan shekara hamsin. A 1870 wata doka da ake kira dokar Crémieux ta mayar da su cikakkun ƴan ƙasar Faransa, ta bar Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye, a matsayin talakawan mulkin mallaka. A Oktoba 1940 gwamnatin Vichy ta Mareshal Pétain, mai haɗa kai da Jamus ta Hitler, ta soke dokar dare ɗaya. Elkabbach yana da shekara uku a lokacin. Sai a 1943 aka mayar musu da takardunsu.

Mahaifin ya mutu ranar 3 ga Oktoba 1949 a cikin babban wurin ibadar Yahudawa na Oran, yana tsakiyar karanta addu'a, a ranar azuminsu mafi girma da suke kira Yom Kippur. Yaron yana da shekara 12. Shi ma ranar 3 ga Oktoba ya mutu, shekara 74 bayan haka. Ginin yana nan har yau, amma tun 1975 masallaci ne, mai ɗauke da sunan Abdullahi bin Salam, malamin Yahudawan Madina da ya musulunta ya zama sahabi.

Bayan ya gama lise Lamoricière a Oran, ya haye Paris ya yi karatun adabi da aikin jarida, ya kuma shiga makarantar nazarin siyasa ta Sciences Po. A 1960 ya fara aiki a gidan rediyon Aljas, yaƙin neman ƴancin kai na tsakiyar ci. A watan Afrilu 1961 wasu janar huɗu, Challe da Salan da Jouhaud da Zeller, suka yi wa Janar de Gaulle tawaye don hana shi sakin Aljeriya. Kamar yadda masu juyin mulki suka saba a ko'ina, gidan rediyo na cikin wuraren da suka fara kamawa. Sojojin laima suka tsare matashin ɗan jaridar, suna kallonsa a matsayin ɗan ƙasa da ya ci amanar ƴan uwansa Turawan Aljeriya. Tawayen bai wuce kwana huɗu ba ya watse. A cikin shekarar Elkabbach ya koma Paris, can kuma ya yi sauran rayuwarsa.

Gidan da ya koyi sana'a

A Faransar wancan zamani rediyo da tele na gwamnati ne, ƙarƙashin hukuma guda da aka raɗa wa suna ORTF a 1964. Mu a Nijar wannan suna ba baƙo ba ne a kunnenmu, tun da ORTN da aka kafa a 1967 daga can ta ɗauko fasali, har da haruffan sunan. Ministan watsa labarai shi ne mai gida na gaskiya. A 1963 minista Alain Peyrefitte da kansa ya bayyana a tele don ya gabatar wa jama'a sabon tsarin labaran dare. A 1970 shugaba Georges Pompidou ya faɗa a fili cewa ɗan jaridar ORTF ba ɗaya yake da sauran ƴan jarida ba, domin ORTF muryar Faransa ce, ko an so ko an ƙi.

A wannan gida Elkabbach ya taso, sai dai bai fara da biyayya ba. A watan Mayu 1968, da ɗalibai da ma'aikata suka tsayar da ƙasar cak, ƴan jaridar ORTF su ma suka shiga yajin aiki suna neman a daina tace musu labarai. Yana cikinsu. Da ƙura ta lafa gwamnati ta rama: aka kori wasu, aka watsa wasu. Shi aka tura shi Toulouse, daga nan aka mayar da shi wakili a Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma a lokacin. Wannan ce faɗuwarsa ta farko, ba ta kuma daɗe ba. A 1970 ya dawo Paris yana gabatar da labarai a tasha ta ɗaya, a 1972 ya koma ta biyu.

Giscard d'Estaing ya hau mulki a 1974 ya rarraba ORTF gida gida, aka samu TF1 da Antenne 2 da FR3 da Radio France. An canza suna, amma naɗin shugabannin gidajen ya ci gaba da fitowa daga majalisar ministoci. Elkabbach ya yi shekara biyu a rediyon France Inter, sannan a farkon 1977 aka ba shi sashen labarai na Antenne 2, yana da shekara 39. Daga nan jama'a suka fara lissafa shi cikin mutanen Giscard.

Cartes sur table

Shirin da ya fito da sunansa shi ne Cartes sur table, wato a baje kati a kan tebur, wanda ya riƙa gabatarwa tare da Alain Duhamel daga 1977 zuwa 1981. Tsarinsa ba shi da wuya: baƙo ɗaya, ƴan jarida biyu, tambaya da amsa. Duhamel mai sanyin murya ne, kamar malamin jami'a. Elkabbach shi ne mai cizo. Kafin su, ɗan siyasa a tele kan yi jawabi ne, ɗan jarida yana gyaɗa kai. Su suka saba wa Faransawa da ganin an katse babban mutum an ce masa bai amsa abin da aka tambaye shi ba.

Babu baƙon da ya fi dacewa da wannan fage kamar Georges Marchais, sakatare janar na jam'iyyar kwaminis, tsohon ma'aikacin ƙarfe mai ƙaton murya. Marchais kan zo da nasa amsoshin a aljihu, ya zube su ko da tambayar ta nufi wani wuri dabam. In an katse shi ya tashi da faɗa, ya ce ƴan jaridar yaran gwamnati ne. Mutanen da ba ruwansu da kwaminisanci sukan zauna gaban tele don kallon wannan kokawa. Daga nan aka samu kalmar da ta bi Elkabbach har kabari: "Yi shiru, Elkabbach!" Abin mamaki, Marchais bai taɓa furta ta haka ba. Masu wasan kwaikwayon muryoyi ne suka ƙago ta, ta bazu har ta fi gaskiyar ƙarfi. Shi kuwa bai yi fushi da ita ba, ya ɗauke ta ya sa wa littafin da suka rubuta da matarsa, marubuciya Nicole Avril, a 1982.

A wannan shiri ne kuma, ranar 16 ga Maris 1981, saura ƴan makonni zaɓe, Duhamel ya tambayi François Mitterrand ra'ayinsa kan hukuncin kisa. Ƙuri'un jin ra'ayi duk sun nuna mafi yawan Faransawa suna son a ci gaba da shi. Mitterrand ya ce shi bai yarda da shi ba, kuma ba zai ɓoye ba don neman ƙuri'a. Ya ci zaɓe, a watan Oktoba na shekarar aka soke hukuncin.

Lu'ulu'un Bokassa

Tabon da ya fi manne wa Elkabbach daga Afirka ya fito. Ranar 4 ga Disamba 1977 Jean-Bedel Bokassa, tsohon kyaftin a sojan Faransa da ya ƙwace mulkin Afirka ta Tsakiya, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Bangui, yana kwaikwayon Napoleon: kambi, karaga mai ruwan zinariya mai siffar gaggafa, keken dawaki da aka kawo daga Faransa, a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya. Babu shugaban ƙasa ko ɗaya da ya halarta. Faransa dai ta tura ministanta na hulɗa da ƙasashen Afirka, Robert Galley, ta kuma taimaka da kuɗi da kayan biki. Tashar Antenne 2 ta nuna bikin, kuma Elkabbach ne ya yi sharhi a kai.

Shekara biyu ba su cika ba abin ya lalace. A farkon 1979 ƴan makaranta a Bangui suka yi bore kan kayan makaranta masu tsada da aka tilasta musu saye. A watan Afrilu aka kama da yawa, ƙungiyar Amnesty International ta ce yara kusan ɗari ne suka mutu. Ranar 20 ga Satumba 1979, Bokassa yana Libiya, sojojin Faransa suka sauka Bangui da David Dacko a cikin jirginsu suka ɗora shi kan mulki. Mako uku bayan haka, ranar 10 ga Oktoba, jaridar barkwanci da tonon silili Le Canard enchaîné ta buga cewa a 1973, lokacin Giscard yana ministan kuɗi, Bokassa ya yi masa kyautar lu'ulu'u.

A nan ne aka ga iyakar cizon Antenne 2. Wani matashin ɗan jarida, Claude Sérillon, shi ke karanta sharhin jaridu a tashar. Aikinsa ke nan, ya faɗi abin da jaridu suka rubuta, kuma a ranar babu abin da suke rubutawa sai lu'ulu'u. Da ya nace sai ya ambaci maganar, Elkabbach ya cire shi daga shirin. Mutumin da ke iya katse Marchais sau goma cikin sa'a guda bai bari a karanta kanun wata jarida ba, saboda kanun ya taɓa fada. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Giscard ya yi gum har mako bakwai, sai ranar 27 ga Nuwamba ya fito a Antenne 2 ya musanta zargin cikin isa da raini. Amsar ba ta kashe maganar ba, ta bi shi har rumfar zaɓe.

Ranar 10 ga Mayu 1981, da ƙarfe takwas na dare, Elkabbach da Étienne Mougeotte ne ke kan allo don sanar da sakamako. Kwamfuta ta fara zana fuskar wanda ya ci daga sama zuwa ƙasa. Da yake ƴan takarar biyu duk masu sanƙo ne, sai da aka yi ƴan daƙiƙoƙi ba wanda ya san ko wane ne. Fuskar Mitterrand ce ta fito, ya samu kashi 51.76 cikin ɗari. A daren, dubban magoya bayan ƴan gurguzu da suka taru a dandalin Bastille suka riƙa rera sunan Elkabbach, suna cewa a mayar da shi karanta hasashen yanayi. Ba kasafai taron murnar zaɓe ke tunawa da ɗan jarida ba. Cikin ƴan makonni aka sallame shi.

Daga korarre zuwa aminin fada

Wayarsa ta daina ƙara, kamar yadda takan yi wa duk wanda mulki ya juya wa baya. Rediyon Europe 1 ne ya ɗauke shi, ya ba shi wani shiri mai suna Découvertes, nesa da manyan lokutan siyasa. Ya riƙe shi shekaru yana hira da marubuta da masana da masu fasaha, yana sake gina sunansa a hankali. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ya zama ɗaya daga cikin shugabannin gidan, ya kuma karɓi hirar siyasa ta safe, wadda ya riƙe, in ban da ƴan shekarun da ya yi a wani wuri, har ƙarshen 2016.

Abin da ba wanda ya zata a daren Bastille shi ne wanda zai buɗe masa ƙofa. Mitterrand, mai son jawo tsofaffin abokan gaba kusa da shi, ya yarda da Elkabbach har ya amince a riƙa ɗaukar hirarsu a fadar Élysée a 1993 da 1994, da sharaɗin ba za a nuna ba sai bayan ya bar mulki. Mitterrand ya mutu a Janairu 1996, aka nuna hirarrakin a France 2 a 2001.

A tsakiyar wannan aminci aka yi hirar da ta fi kowace nauyi a rayuwar Elkabbach. A farkon Satumba 1994 ɗan jarida Pierre Péan ya fitar da littafin Une jeunesse française, wanda ya tono ƙuruciyar Mitterrand: ya yi wa gwamnatin Vichy aiki kafin ya shiga sahun masu yaƙi da mamayar Jamus, ya karɓi lambar yabo ta Pétain, ya kuma ci gaba da hulɗa da René Bousquet shekaru da yawa bayan yaƙi. Bousquet shi ne shugaban ƴan sandan Vichy, wanda a ƙarƙashinsa aka kama Yahudawa kusan 13,000 a Paris cikin kwana biyu a watan Yuli 1942, aka miƙa su ga Jamusawa. Ƙasa ta ɗauki zafi. Mitterrand, wanda ciwon daji ya riga ya cinye, ya yanke shawarar yin bayani a tele, ya zaɓi mai tambaya guda ɗaya.

Ranar 12 ga Satumba 1994 suka zauna su biyu a fada, kai tsaye. A gefe guda tsoho mai shekara 77, fuska ta yi fari fat, murya na rawa. A ɗaya gefen mutumin da gwamnatin Vichy ta ƙwace wa takardar zama ɗan ƙasa yana ɗan shekara uku. Elkabbach ya fara da ciwon, ya tambaye shi ko zai iya ƙarasa wa'adinsa. Sannan ya shiga Vichy, ya koma kan Bousquet, ya sake komawa. Mitterrand ya ce a lokacin bai san dokokin da aka kafa wa Yahudawa ba, amsar da mutane da yawa ba su gamsu da ita ba har yau. Ya kuma ƙi yarda Jamhuriya ta nemi gafara kan abin da Vichy ta aikata. Sai magajinsa Jacques Chirac ne ya amsa laifin ƙasar Faransa, ranar 16 ga Yuli 1995.

Har yanzu ana gardama kan wannan dare. Wasu sun ce shugaban ya zaɓi wanda ya san ba zai yanka shi ba. Wasu sun ce ba wani ɗan jarida da zai iya zama gaban shugaba mai ci ya yi masa waɗannan tambayoyi ido da ido. Duka biyun gaskiya ne. Kuma kada a manta, mai tambayar a ranar shi ne shugaban gidan telen gwamnati baki ɗaya, abin da a wata ƙasar zai hana shi riƙe makirufo tun farko.

Kwangilolin da suka kayar da shi

Wannan kujera ya same ta ne a Disamba 1993, lokacin da hukumar CSA mai sa ido kan kafofin watsa labarai, irin CSC da muka sani a nan a da, ta zaɓe shi shugaban France 2 da France 3. Zamanin zaman doya da manja ne a saman ƙasa: shugaba ɗan gurguzu, firaminista Édouard Balladur mai ra'ayin riƙau. Ana bukatar wanda ɓangarorin biyu za su iya haƙuri da shi, kuma a wannan fanni Elkabbach ba shi da na biyu.

Ya zo da niyyar karawa da TF1, wadda aka sayar wa kamfanin Bouygues a 1987 ta kwashe masu kallo. Dabararsa ita ce ya jawo taurarin nishaɗi da kuɗi masu yawa. Irin su Jean-Luc Delarue da Nagui da Arthur suna da kamfanoninsu na shirya shirye-shirye, sai tashar ta sayi shirin daga hannun mai gabatar da shi, a farashin da ba wanda ke bincikawa sosai. Masu kallo sun ƙaru, amma kuɗin na jama'a ne, daga harajin tele da gidaje ke biya a lokacin. A ƙarshen 1995 wani depite, Alain Griotteray, ya fallasa kwangilolin a rahotonsa ga majalisa. Ma'aikatan gidan, waɗanda ake ce wa su tsuke bakin aljihu, suka tayar da ƙayar baya. A ƙarshen Mayu 1996 Elkabbach ya yi murabus. Faɗuwa ta uku ke nan. Ya koma Europe 1 ya ci gaba da hirarsa ta safe kamar ba a yi komai ba.

A 1999 majalisar dattawa ta ba shi aikin kafa tasharta, Public Sénat. A can ya buɗe shirin Bibliothèque Médicis, hira kan littattafai a cikin ɗakin karatun majalisar, ya riƙe shi shekaru da dama. Wanda ya san shi da katse mutane kawai zai yi mamakin ganinsa a nan yana sauraron masanin tarihi har ya kai aya.

Zamanin Sarkozy da na Bolloré

A 2005 Arnaud Lagardère, mai Europe 1, ya naɗa shi shugaban gidan, alhali yana riƙe da Public Sénat. Lagardère aminin Nicolas Sarkozy ne na ƙut da ƙut. A Fabrairu 2006 Le Canard enchaîné ta sake shiga rayuwarsa: ta bayyana cewa Elkabbach ya nemi shawarar Sarkozy, wanda ke ministan cikin gida kuma shugaban jam'iyyar UMP, kan ɗan jaridar da za a ɗauka ya riƙa bin labaran ita wannan jam'iyyar. Bai musanta ba. Ya ce shi bai ga aibi ba a tuntuɓi ƴan siyasa a irin wannan. Amsar ta fi labarin kansa bayyana mutumin: wanda ya taso a ORTF bai taɓa ganin katanga tsakanin ɗakin labarai da ofishin minista ba.

Kuskuren da ya raba shi da kujerar na sana'a ne tsantsa. Ranar 21 ga Afrilu 2008 ya ba da umarni a sanar da mutuwar Pascal Sevran, wani sanannen mai gabatar da shirin waƙoƙi a tele, bisa majiyarsa shi kaɗai. Sevran yana raye. Sai ranar 9 ga Mayu ya mutu. Elkabbach ya ɗauki laifin a gaban ma'aikatansa, hukumar CSA ta ja kunnen gidan, a watan Yuni aka maye gurbinsa da Alexandre Bompard. Makirufon safe dai bai sake shi ba.

Wannan hira ta ƙarfe takwas da minti ashirin ita ce gonarsa ta gaskiya. Minti goma ne ko ƙasa da haka. Yakan shirya ta tun jajibiri, ya kira baƙon da mutanen da ke kewaye da shi, ya zo da wani ɗan sirri da zai jefa a tsakiyar magana don baƙon ya san an san shi. Tambayar farko ita ce makaminsa, yakan harba ta kafin mutum ya gyara zama. A Janairu 2015, washegarin babban gangamin da aka yi a Paris bayan hare-haren da aka kai birnin, ya tarbi Marine Le Pen, wadda ba ta halarci gangamin na Paris ba, da tambayar ko ba ta ji kunya ba. A Yuni 2014 kuma shi da Gilles Bouleau na TF1 suka je Sochi suka yi hira da Vladimir Putin, ƴan watanni bayan Rasha ta haɗe yankin Kirimiya. Masu sukarsa sun lura cewa kaifin yakan ragu gwargwadon girman kujerar baƙo, kuma sau da yawa amsar na cikin tambayar, baƙo sai dai ya sa hannu.

A ƙarshen 2016 Europe 1, wadda masu saurare ke gudu, ta karɓe hirar ta kullum daga hannunsa. Yana da shekara 79, kowa ya ɗauka ritaya ta zo. Cikin ƴan makonni sai ga shi a gidan Vincent Bolloré, attajirin da ke da Canal+, wanda mutanen Yamai da Dosso suka san sunansa ta layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin garuruwan biyu. Tashar labaran kamfanin, iTélé, ta fito ke nan daga yajin aikin kwana 31 da ya ƙare da ficewar ƴan jarida kusan ɗari. Aka sake mata suna CNews a Fabrairu 2017, Elkabbach ya zama mai hirar safe kuma mai ba Bolloré shawara. Ɗan yajin aikin 1968 ya shiga gidan da ƴan yajin aiki suka bari. Yana nan tashar ta karkata zuwa ra'ayin riƙau mai tsanani, ta ba Éric Zemmour fili kullum daga 2019. A 2021, da hannun Bolloré ya kai Europe 1, Elkabbach ya sake komawa tsohon gidansa yana hirar ƙarshen mako.

A 2022 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, Les Rives de la mémoire, inda ya ba Oran da mahaifinsa wuri mai faɗi. Rashin lafiya ta riga ta janye shi daga aiki. Ya bar matarsa Nicole Avril da ƴa guda, Emmanuelle Bach, ƴar wasan fim. An binne shi a maƙabartar Montparnasse a Paris. Ranar 9 ga Oktoba 2023 Emmanuel Macron ya je hedikwatar France Télévisions ya yi jawabin girmamawa, aka sa wa ginin sunan Jean-Pierre Elkabbach. Wasu ƙungiyoyin ƴan jaridar gidan suka fitar da sanarwa suna ƙin amincewa, suna tuna wa shugabanninsu kwangilolin 1996.